An Yi Ruwa a Badun?

Soron Ɗinki, Kano
4 ga Maris, 1999

Zuwa ga taubashiyata Hafsatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da karatunki da malaman da Allah ya jarrabe su da ke. Mu nan lafiya, sai dai abin da zan faɗa miki yanzu, kuma ina so ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Ina mai baƙin cikin sanar da ke rasuwar fankar ɗakina, wadda ta cika ranar Litinin da azahar bayan doguwar jinya. Ta rasu ta bar fukafukai uku da igiya ɗaya da ni. Ta yi aiki a ƙarƙashin gwamnatocin soja ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa tambayar wa ke kan mulki ba, sai ga shi ana gama zaɓen shugaban ƙasa ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Mai gyara ya duba ya ce sai haƙuri. Ba a zaman karɓar gaisuwa, saboda babu inda baƙi za su zauna su sha iska.

Zafi ya faɗo mana bana ba sallama. Watan jiya muna ɗumama ruwan alwala, yau ruwan randa da kansa yake yin ɗumi kafin la'asar. Dattawan masallacinmu sun rabu biyu: masu cewa ba su taɓa ganin bazara ta zo da wuri haka ba, da masu cewa sun gani, a wata shekara da su kaɗai suke tunawa. Ni dai abin da na gani shi ne ƙadangarun gidanmu sun daina gudu in an nufo su. Kallon mutum kawai suke yi, in zai taka ya taka. Na fahimce su. A makaranta ina koyar da tarihin ganuwar Kano, yara sun kifa kai a kan benci, ni kuma ina jin muryata kamar ta wani ce a ajin da ke kusa.

An yi zaɓe an gama, an ce a watan Mayu soja za su koma bariki. Abin da ya iso lungunmu zuwa yanzu shi ne hotunan 'yan takara, kuma ba laifi, takardar tana da kauri. Mero matar ƙanena Musa ta liƙa ɗaya a jikin kwali ta mai da shi mafici. Mutumin ya faɗi zaɓe, amma a gidan nan shi kaɗai muke gani a ƙasa.

Sai batun mahaifiyarki. Gwaggo 'Yardada tana nan, ba a kwance ba, ba kuma a tsaye ba. Tun da zafin ya fara ta daina cin tuwo, sai kunun tsamiya, shi ma sai Mero ta yi da gaske. Ƙafafunta sun ɗan tasa. Na ce ta riƙa fitowa gindin darbejiya da yamma, don ɗakin nan nata na ƙurya yini yake yi yana haɗiyar rana, in magariba ta yi ya fara amayar da ita. Ta ce a ɗakin aka haife ta ita da babana, kuma bai kashe kowa ba. Na ce ai duk wanda aka haifa a cikinsa ya mutu sai ita. Ta ce in fitar mata daga ɗaki.

Ƙanenki Tanko ya aiko mata da wani magani daga Legas. Ba ta sha, amma duk wanda ya shigo sai ta sa an miƙa masa kwalbar: Tanko ne ya aiko, kun ga Tanko. Ta kuma ɗora mini sabon aiki. Duk safiya in na shiga gaishe ta sai ta tambaye ni ko an yi ruwa a wajen mutanen Badun. Na ce, Gwaggo, tarihi na karanta, abin da ya riga ya wuce. Ta ce to rediyon da nake yawo da ita a hammata me take tsinana mini? Saboda haka ki taimaka ki aiko da rahoto, ko na samu kaina.

Naki,
Ashafa


Badun
17 ga Maris, 1999

Taubashi,

Assalamu alaikum. Na samu wasiƙarka jiya, ina fatan wannan za ta same ku lafiya kamar yadda ta bar ni. Ka gaida Musa da Mero da yara.

Allah ya shirye ka. A tsaye nake a bakin ofis na buɗe takardar, idona ya faɗa kan kalmar rasuwa, sai da na dafa bango. Mutum ya haura hamsin, yana koyar da 'ya'yan mutane, amma bai bar wannan halin ba. Allah ya ba ka haƙurin rashin fanka, ya kuma ba ka zuciyar sayen wata, wannan ce addu'ar da na san za ta fi wuyar karɓuwa.

Ga rahotonku: an yi ruwa sau biyu a makon nan, na biyun har da iska. Jar ƙasar nan tasu ta jiƙe tana ƙamshi, kuma da asuba sai na ja mayafi. Na manta yadda Maris take a Kano sai da na karanta ka.

Yanzu ka ajiye wasa ka saurare ni, da bakin ma'aikaciyar jinya nake magana. Kumburin ƙafar nan bai yi mini daɗi ba. Ku kai ta asibiti a auna ta, kada ku tsaya sai ta yarda. A rage mata gishiri da kanwa. A riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan ko ba ta nema ba, don tsofaffi ba sa jin ƙishi sai jiki ya bushe. Mero ta riƙa jiƙa zane tana goge mata jiki da rana.

Ka san yadda na sha wuya kafin asibitinmu ya sako ni wannan kwas ɗin. Jarrabawar ƙarshe a ƙarshen Mayu take, kuma wanda ya yi dogon fashi sai ya maimaita shekara, ni kuwa ba za a sake ba ni shekarar ba. Duk da haka, in ka ga abin ya wuce na zafi, ka rubuto mini a fili, zan ajiye komai in taho.

Akwai kuma abin da nake so ka gaya mini, kuma kada ka yi masa ado. Gwaggo ta neme ni? Kai ka san ni ma Gwaggo nake ce mata, a bakinku na koya. Ba ina nufin ta ambaci sunana ba, ni ce ta fari, na san ba za ta ambata ba. Ina nufin ko ta nuna tana so in zo.

Kai kuma fa? Tun rasuwar matarka Ladi bara wasiƙunka suke ƙara tsawo, kai kana raguwa a cikinsu. Wa yake kula da cin abincinka tun da ba ta?

Taka,
Hafsatu


Soron Ɗinki, Kano
5 ga Afrilu, 1999

Malama Hafsatu, likitar Badun,

Gaisuwa da fatan alheri, da barka da Sallah. Muna nan yadda kika san mu, sai dai mun ɗan ƙara dahuwa. Ragon da muka yanka bai yi wata gardama ba, ina jin shi ma ya gaji.

Kin san naman layya a irin wannan zafi ba ya jira. Washegarin Sallah mata suka haɗa murhu uku a tsakar gida suna suya, ga rana a sama ga wuta a ƙasa. Mahaifiyarki, wadda ta ƙi fitowa shan iska wata guda, ranar ta fito, wai Mero ba ta san lokacin da ake tsame nama ba. Ta zauna a kujera tana ba da umarni. Can sai ta zame a hankali, kamar zanen da ya sulluɓe daga igiyar shanya. Aka yi salati, aka yayyafa mata ruwa. Da ta buɗe ido abin da ta fara cewa shi ne, “Wa ke kan tukunyar?”

Mun kai ta asibiti, kin ga an bi umarninki. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, ya ba da ƙwayoyi, ya ce ta huta a wuri mai sanyi. Na roƙe shi ya rubuta mana sunan garin a takardar magani. Bai yi dariya ba. Yaran yanzu ba sa yi.

Tambayarki kuma ban yi mata ado ba, kai tsaye na kai ta inda ya kamata. Na shiga ɗakin da hantsi na tarar ya cika da masu dubiya, har da ƙawarta Hajiya Talatu ta Shahuci. Na ga ga shaidu, sai na durƙusa na ce:

“Gwaggo, Hafsatu ta rubuto. Ta ce in kina so, za ta ajiye karatun ta taho.”

Ba ta kalle ni ba. Sai ta kalli Hajiya Talatu ta ce, “Kin ji shi ko? Wa ya aike shi?”

Na ce, “Ba aike ba ne, tambaya ce. A kira ta?”

Ta ce, “A kira wa? A zo a yi mini me? Ga Mero, ga ku kun cika gida kamar kaji. Mutum yana can yana abin da ya kai shi, sai a ɗago shi don tsohuwa ta ji zafi? Waye ba ya jin zafi a garin nan?”

Hajiya Talatu ta riƙe haɓa ta ce, “Kai Malam! Yau ga boko. A ina ka taɓa jin an tsare uwa da irin wannan tambaya?”

Na ce, “Hajiya, mulkin farar hula ne ya zo, kowa sai an ji ra'ayinsa.”

Ɗaki ya ɗauki dariya. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce barci take ji, a rage mata surutu.

To ga sakamakon zaɓe, ba maguɗi: ba ta neme ki ba. Ki zauna ki yi karatunki. Tana shan ƙwayoyin in Mero ta tsaya a kanta, tana kuma da sauran ƙarfin korata daga ɗaki, wanda a wurina shi ne ma'aunin lafiyarta.

Rahotonki na ruwa ya samu karɓuwa. Na karanta mata, ta ce, “Har da mayafi?” Na ce har da mayafi. Sai ta ce ruwan farko yana sa zazzaɓi, ya kamata mutanen can su riƙa rufe ƙirji. Na ce zan sanar da gwamnatin jiharsu. Washegari ta sake tambaya kamar ba a taɓa ba ta amsa ba. Yanzu dole na koyi kamo tashoshin kudu, ina sauraron Turancinsu ina tsinto mata inda hadari ya haɗu.

Kin tambayi cin abincina. Mero tana aiko mini, ina ci. Ba na jin ɗanɗanonsa, amma ina ci. Zafin nan yana da amfani guda: in mutum ya zauna a zaure yana kallon bango tun azahar har la'asar, kowa sai ya ce rana ce.

Naki,
Ashafa


Badun
22 ga Afrilu, 1999

Malam Ashafa,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Ka yi wa Gwaggo sannu, ka yi wa Mero godiya.

Wasiƙarka ta daɗe a hanya. Da na ga shiru ya yi yawa bayan Sallah sai hankalina ya tashi, na je wurin shugabar kwas ɗinmu na roƙi mako guda. Ta yi ta jan rai, daga baya ta yarda. Na haɗa jaka, har na sayi man zafin da Gwaggo take so. Ana gobe zan tafi tasha takardarka ta iso. Na karanta, na kwance jakar, na koma na ce wa matar na fasa.

Na gode da ba ka yi mini ado ba. Ni na nema.

Ba sai ka koya mini al'ada ba, na san uwa ba ta nuna 'yar fari. Da aka yaye ni aka kai ni Koki wurin kakata, ban ce komai ba, ban ma san ana cewa ba. Amma ina tuna ranakun da take zuwa gidan. Za ta gaida kowa, har akuyar da ke ɗaure sai ta tanka mata, ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa da sabon kitso, sai ta wuce ta gefena ta ce wa kakata, “Yaran gidan nan lafiya?” Ni kaɗai ce yarinya a gidan. Kakata takan ce kunya ce, in na girma zan gane. Na girma, na haifi nawa, na gane da kaina. Sai dai wani lokaci mutum yakan so a ce ko sau ɗaya kunyar ta gaza. Na ɗauka ciwo zai sa ta gaza. Tun da bai sa ba, shi ke nan, ai tana da Tanko.

Zan zo da an gama jarrabawa, in Allah ya yarda.

Amma ina da ƙorafi a kanka. Na karanta labarin faɗuwarta sau uku ban gane ko suma ta yi ko jiri ne ya ɗebe ta ba, saboda ka lulluɓe shi da zane da tukunya. Ni ba ɗalibarka ba ce da za ka hana ni gyangyaɗi. Ka amsa mini waɗannan kawai: tana iya tsayuwa ta yi salla? Tana kwanciya sosai, ko sai an jingina ta take samun numfashi? Kumburin ya wuce gwiwa? Sunan ƙwayoyin fa? In ba za ka iya rubuta su ba tare da ba'a ba, ka ba Musa ya rubuta.

Ruwa kuma ana yi kusan kullum, in har yanzu ana tambaya.

Hafsatu


Soron Ɗinki, Kano
6 ga Mayu, 1999

Hafsatu,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Wata guda ke nan ban ga amsarki ba. Na ce ko karatu ne ya yi nauyi, ko kuma na yi wani laifin da taubashi ba ya yafewa. In na biyun ne ki ajiye shi sai kin zo, ya fi daɗin ramawa ido da ido.

Garin ya tsaya cak. Da rana lungu ba kowa sai masu kurar ruwa, su ma ba sa kiran ciniki, ƙarar jarkokinsu ce ke yi musu. Ganyen darbejiya ba ya motsi. Jiya na ɗora hannu a bangon zaure bayan sallar isha na ji kamar jikin mai zazzaɓi. Ana ta fentin sababbin ofisoshi saboda bikin miƙa mulki, fentin yana bushewa tun a bakin burushi.

Gwaggo ta daina korata daga ɗaki. A zaune take salla yanzu, wani lokaci a jingine. Mun fito da ita rumfa da ƙarfi, ba ta yi musu ba, kuma rashin musun ya fi damuna. Mun koma asibiti an ƙara ƙwaya ɗaya. Tanko ya ce zai zo in ya sallami wasu kaya, ta ce a gaya masa kada ya yi gaggawa, sannan ta sa Mero ta share masa ɗaki.

Hukumar kula da ruwan Badun dai tana nan tana aiki. Shekaranjiya na gaya wa Gwaggo an yi kamar da bakin ƙwarya a can. Ta lumshe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta ce, “In an yi ruwa haka, mota tana iya fitowa daga can kuwa?” Na yi mata bayanin kwalta da gadoji, har da tarihin shekarar da jirgin ƙasa ya fara isowa Kano. Ta ce, “To.”

Ban san abin da zan ce miki ba. Ba ta canza magana ba, ni kuma ba na so in zama wanda ya rushe miki shekara a kan abin da wataƙila saukar damina za ta warware. Kowa a unguwar nan haka yake, jira muke yi a yi ruwa mu ga wanda zai tashi. Ke kika san karatunki.

Ashafa


Badun
22 ga Mayu, 1999

Malam Ashafa,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa ta huta, ya ba ku ladan jinya, musamman Mero.

Ban samu na yi maka godiya a can ba. Kwana ukun da na yi, kai kana zaure wurin maza ni ina cikin gida, in mun haɗu a tsakar gida sai mu yi wa juna gaisuwa kamar baƙi. Ka gode wa Musa da ya nemi waya ya buga ofishinmu. Na kama motar farko, amma ka san hanyar, na tarar har an dawo daga maƙabarta an share ɗakin. Na shiga na zauna a ciki. Zafin da ke ɗakin nan, Ashafa. Ban san haka yake ba.

Na dawo na tarar da wata wasiƙarka tana jirana a ofis, ta shida ga wata. Na karanta gaisuwar na ninke ta. Ba zan iya ba yanzu.

Ban yi kuka ba har yau. Abokan karatuna suna ta kallona. Ina jin abin da ya riƙe ni shi ne maganar nan da ka rubuto. Tun da ba ta neme ni ba, ba ta tafi tana jirana ba ke nan. Ta tafi a cikin mutanen da take so a kusa da ita. Wannan ya sauƙaƙa mini, kuma da shi zan shiga jarrabawa jibi.

Ka riƙa cin abinci.

Hafsatu


Soron Ɗinki, Kano
2 ga Yuni, 1999

Hafsatu,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Ina fatan an gama jarrabawa lafiya, Allah ya ba da sa'a. Mu nan muna nan. Wasiƙunki biyu a rana ɗaya suka zo hannuna, ta Afrilu da ta Mayu, an ɗaure su da roba ɗaya. Tambayoyinki huɗu na karanta su. Duk na san amsarsu a lokacin.

An miƙa mulki ranar Asabar. Maƙwabcinmu ya fito da talabijin ƙofar gida, aka taru ana kallo, da aka harba bindigogi yara suka yi ihu. Na tsaya na ɗan kalla, na nemi abin da zan ji ban samu ba, na koma zaure. Hadari yana haɗuwa ta gabas kullum da la'asar, ya yi baƙi, ya turo iska mai zafi, ya watse. Har yau ko ɗigo.

Na yi kwana biyu ina juya wasiƙarki ta ƙarshe. Kin ce abu ɗaya ne ya riƙe ki, na kuma yi niyyar in bar miki shi. Na jira dai ki gama jarrabawa.

Ranar Lahadi da safe ina shan koko na kunna rediyo, hannuna da kansa ya kai ta tashar kudu. Aka ce an kwana ana ruwa a Badun. Na ajiye kofi, na sa takalmi, na bi ta rumfa, sai da na kai ƙofar ɗakin Gwaggo na ga kwaɗo a jiki. Na tsaya a wurin da rediyo a hannu.

A tsayen nan ne na yi tunanin da ya kamata in yi tun watan Maris. Tanko yana Legas, inda ruwa ya fi na Badun, ba ta taɓa tambayata ruwan Legas ba. Shi ba ta bukatar ruwa, sunansa take kira. Tana da 'yan'uwa a Zariya da Gusau, ba ta taɓa tambayar ko gari ya yi musu zafi ba. Gari ɗaya ne a duniya take son sanin samansa, kowace safiya, wata uku. A wasiƙar da kika ninke akwai inda ta tambaye ni ko mota tana iya fitowa daga can in an yi ruwa. Ki buɗe ki gani. Na amsa mata da tarihin jirgin ƙasa.

Ni a gidan nan aka haife ni, na san abin da uwa take iya faɗa a kan 'yar fari da abin da ba ta iyawa. Duk da haka na je na tsare ta a gaban ɗaki cike da mata, na yi mata tambayar da amsarta ɗaya ce tak a wurin mace irinta, na ɗauko amsar na aiko miki har da ba'a a kai. Ke kuma kika kwance jaka.

Na rubuta miki cewa ba ta neme ki ba. Ba haka ba ne. Kullum sai ta neme ki, a wurina, ni ne ban ji ba.

Na yi kuskure, Hafsatu.

Ashafa